Ga sabon zuwa Maraɗi mai son karatu

Idan ka tsallako Jibiya da Ɗan Isa ka sauka Maraɗi, karatu ya kawo ka ko kasuwanci ko aure, kuma kai mutum ne da ba ya jin daɗin kwanciya bai buɗe littafi ba, to da kai nake. Maganar haya da canjin kuɗi da takardun zama za ka samu masu yi maka ita tun a tasha. Abin da ba kowa zai gaya maka ba shi ne inda makaranta littafi suke a garin nan, da yadda ake shiga cikinsu.

Lokacin nemansu shi ne damina. Makarantun Nijar suna tafiya babban hutu, wanda ake kira bakansi, daga wajen Yuli har zuwa Oktoba. Wasu sun tafi ƙauye noma, amma malamai da ɗaliban lise, wato babbar sakandare, da na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da suka rage a gari suna da lokaci, kuma a fada suke kashe shi. Fada ita ce majalisar ƙofar gida inda ake dafa shayi ana hira har dare. Ka yi sallama, ka zauna, ka sha abin da aka miƙo maka, ranar da ake karo-karon sukari da gawayi kada hannunka ya tsaya a aljihu. Kada ka fara da jawabi a kan littattafan da ka karanta. Ka zo da naka a hannu kawai. Mai sha'awa zai ɗauka ya juya bayansa ya ce, "Malam, in ka gama ka ara mini." Daga nan shi zai haɗa ka da sauran. Ke kuma 'yar'uwa, taki hanyar ta fi sauƙi, domin littattafan Hausa na Kano sun daɗe suna yawo gida-gida a hannun mata, kuma a Islamiyya ko wajen suna za ki gane masu su.

Ka taho da guzuri daga gida. Masu sayar da littafi a nan sun fi ƙarfi a littattafan makaranta na Faransanci da na addini na Larabci. Na Ingilishi kaɗan ne, sababbin fitowa na Hausa kuma sai wani ya je Kano. Saboda haka kwali guda na abin da ka riga ka karanta ya fi maka amfani a Maraɗi fiye da a ɗakin mahaifiyarka, don da shi za ka yi musaya.

Amma abin da ya fi damuna shi ne abin da kai za ka karɓa. Yawancinmu da muka yi makaranta a Najeriya mun koyi tarihin jihadi daga bakin waɗanda suka ci yaƙi. Maraɗi kuwa garin waɗanda aka kora ne. Bayan Katsina ta faɗi a 1807, gidan sarautarta na Haɓe ya yi hijira arewa, kuma wajen 1819 Ɗan Kasawa ya kafa mulki a nan. Har yau Sarkin Katsina ake kiran sarkin garin, Sarkin Gobir kuma yana Tsibiri, 'yar tafiya kaɗan daga nan. Idan dattijo yana ba da labarin Ɗan Baskore, ɗaya daga cikin sarakunan Maraɗi, da hare-harensa, a wurinsa labarin jarumin gidansu yake bayarwa. Ka saurara da kyau, ka ajiye gardama sai ka karanta nasu ɓangaren. Na ga abota ta lalace a kan wannan, kuma bai kamata ba, tun da kakanni ɗaya ake magana a kai.

Littafi uku nake miƙa wa duk wanda ya tambaye ni abin da zai karanta a hutun farko. Na ɗaya Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a 1980, labarin Sarauniyar Lugu da ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Waɗannan hafsoshin Faransa biyu sun ƙona garuruwa a kan hanyarsu ta gabas, kuma a yankin Maijirgi kusa da Tasawa, cikin jihar nan, sojojinsu suka kashe su. Idan ka gama littafin ka bi hanyar Damagaram, ba za ka ƙara kallon garuruwan bakin titin kamar da ba. Na biyu Les Alhazai de Maradi na Emmanuel Grégoire, na 1986, kuma an fassara shi da Ingilishi. Shi ne zai nuna maka yadda attajiran garin suka tashi daga cinikin gyaɗa zuwa fataucin kan iyaka da Najeriya, da yadda dangantakar ubangida da bara take riƙe da kasuwa. Ɗan kasuwa ya fi ɗalibi bukatarsa. Na uku Marriage in Maradi na Barbara Cooper, na 1997, da Ingilishi, wanda aka gina a kan hira da matan garin. A ciki har da yadda ambaliyar 1945 ta sa aka tashi daga tsohon gari a kwarin Gulbi aka hau tudu, abin da zai bayyana maka dalilin da titunan tsakiyar gari suke a miƙe haka.

Faransanci kada ya ba ka tsoro. Ka nemi Ƙaramin Ƙamus na Hausa zuwa Faransanci na Abdou Mijinguini, sannan ka samu ɗalibi mai son Ingilishi ku riƙa karanta shafi biyu ko uku tare bayan la'asar, shi ya buɗe maka nasa, kai ka buɗe masa naka. Wajen neman suna a littafi ka tuna da rubutun Faransa: Gulbi zai zo maka Goulbi, Tasawa Tessaoua, Tsibiri Tibiri. Akwai kuma littattafan Hausa da aka buga a Nijar, irin na kamfanin Gashingo na Yamai da na Albasa. Ka tambayi malaman firamare, su suka fi adana su. Tun da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, ina fata buga irinsu zai ƙaru.

Wajen saye, da dala ake lissafi, dala ɗaya sefa 5 ce. Idan mai shimfiɗa littattafai a ƙasa ya ce maka ɗari, sefa 500 yake nufi, jika kuwa 1,000. Ana taya tsohon littafi kamar kowane kaya.

Sai aro. Ka rubuta sunanka a shafin farko, ka riƙe ɗan littafin rubuta wanda ya karɓa. Abin da aka ara maka kada ka ara wa wani sai da izinin mai shi, domin a nan littafin da ya ɓata ba lalle a samu madadinsa ba sai an aika Yamai. Damina kuma lokacin gara ne da laima: kada ka jingina kwali da bango ko ka ajiye shi a ƙasa, ka sa a akwatin ƙarfe, in rana ta fito ka shanya. Duk abin da ka karɓa daga malamin makaranta ko ɗalibi, ka mayar masa kafin ƙarshen Satumba, don da an koma aji zai neme shi.