Darasi na Tara: Yadda Ake Saukar Linux Baƙo a Cikin Windows

A darasin da ya gabata mun ga cewa kowace kwamfuta tana da babbar manhaja wadda ke tafiyar da komai a cikinta. Yawancin kwamfutocin da ake sayowa a Farm Centre ko titin Beirut da Windows suke zuwa. Akwai wata kuma da ake kira Linux. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara rubuta ta a 1991, ya kuma bar ta a buɗe: kowa na iya ɗauka kyauta, ya duba yadda aka ƙera ta, ya gyara, ya ba wani. Tun da kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, masu tsofaffin kwamfutoci da yawa sun fara tambaya a kanta.

Abin da ke hana mutane gwadawa shi ne tsoro. Wani dattijo a ajinmu na yamma, mai shagon buga takardu a Fagge, ya faɗi abin da ke ran kowa. Ya ce, "Malam, takardun mutane na shekara biyar ne a cikin na'urar nan. In na taɓa suka salwanta, da wane ido zan kalli jama'a?" Gaskiyarsa. Shi ya sa a wannan darasi ba za mu goge komai ba. Linux za mu kunna a cikin Windows, tana buɗe a taga guda kamar yadda kuke buɗe Word.

Ku tuna gidan da ke da ɗakin baƙi a bakin zaure. Baƙo yana kwana, yana cin abincin gidan, amma ba ya shiga cikin gida wurin iyali. Manhajar da ke gina wannan ɗaki sunanta VirtualBox, ta kamfanin Oracle ce, kyauta ake sauke ta. Su kansu masu manhajar haka suke kiran abin: Windows ce mai masauki, Linux kuma baƙuwa.

Kayan aiki

Abu biyu za ku sauke daga intanet: VirtualBox ɗin kanta, da fayil ɗin Linux wanda sunansa ke ƙarewa da .iso. Linux iri-iri ce. A aji muna amfani da Linux Mint, domin fuskarta ta yi kama da ta Windows, kuma nau'inta mai suna Xfce ba shi da nauyi. Fayil ɗin ya kai kusan gigabait 3, wato data ba kaɗan ba. Mutum ɗaya ya sauke, sauran su kwafa a filash. Halal ne, masu ita ma haka suke so.

Kafin nan ku duba ƙarfin kwamfutarku. Ku danna Ctrl da Shift da Esc a lokaci guda, ku shiga Performance. A ƙarƙashin Memory za ku ga yawan ram, wato ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin. In 8 GB ne, madalla. In 4 GB ne, za ta yi, amma da jan ƙafa. In bai kai haka ba, ku haƙura, tuwon gidan ba zai ishi mai gida da baƙo ba. Sai ku koma CPU ku nemi kalmar Virtualization, wato damar da kwamfuta ke da ita ta saukar da baƙo irin wannan. In an rubuta Enabled, hanya a buɗe take. In Disabled ne, sai an kunna shi a cikin BIOS, wurin da ake shiga da zarar an kunna kwamfuta: F10 a yawancin HP, F2 a Dell. Wanda bai taɓa shiga nan ba ya bari sai malami na kusa, ko ya kai wa mai gyara. Aikin minti biyu ne, kada wani ya caje ku kuɗin babban gyara.

Gina ɗakin baƙo

Ku buɗe VirtualBox ku danna New. Ku ba ɗakin suna, ku nuna masa inda fayil ɗin .iso yake. Zai tambayi ram nawa za a ba baƙo. Ƙa'idarmu ita ce kada ya wuce rabin abin da kuke da shi: mai 8 GB ya ba da 4096 MB, mai 4 GB ya ba da 2048 MB. Na ga wanda karamci ya ɗebe shi ya miƙa kusan duka, Windows ta sandare, linzami ya ƙi motsi, sai da aka kashe na'urar da ƙarfi. Daga nan sai wurin ajiya. Ku ba shi 25 GB. Ba nan take zai cinye su ba, fayil ne guda ɗaya da ke girma a hankali gwargwadon abin da kuka zuba masa.

Ku danna Start. Taga za ta buɗe, rubuce-rubuce su wuce da sauri, sai ga fuskar Linux Mint. A kanta akwai alamar faifai da aka rubuta Install Linux Mint. Ku danna ta sau biyu, ku bi tambayoyin. Wurin zaɓen agogo ku zaɓi Lagos, shi ne lokacin Najeriya duka. Sunanku da kalmar sirri kuwa, ku rubuta su a littafinku.

Ana cikin haka za ku iso wurin da gaban kowa ke faɗuwa. Za a rubuta: Erase disk and install Linux Mint. Ma'anarsa, a share ma'ajiya kakaf a zuba Linux. Dattijonmu na Fagge yana jin fassarar ya janye hannunsa daga linzami kamar ya taɓa garwashi. Na ce, "Baba, dubi saman tagar, me aka rubuta?" Ya gyara tabarau ya karanta: Oracle VirtualBox. To, muddin wannan suna na nan a sama, ma'ajiyar da za a share ita ce 25 GB ɗin nan da kuka ware, wadda ba komai a ciki. Baƙo bai ma san da sauran gidan ba.

Amma ku riƙe wannan da kyau. Wata rana za ku iya kunna kwamfuta kai tsaye daga filash ɗin Linux, ba ta cikin VirtualBox ba. A can ma wannan jimlar za ku gani, harafi da harafi. A can kam da gaske take: Windows, hotunan biki, takardun mutane, duk za su tafi. Duk inda kuka ga Erase disk, ku fara duba saman taga kafin yatsa ya motsa.

Zubawar na iya ɗaukar rabin awa a tsohuwar kwamfuta. Ku yi ta batir na cike, ko lokacin da kuka san wuta za ta ɗan zauna. Na'urar za ta yi zafi fiye da kullum tunda aiki biyu take yi, balle a watan Afrilu na Kano. Kada ku ɗora ta kan katifa ko darduma, ku bar wa fankarta hanyar iska.

Bayan an gama

Za ku tarar da Firefox na shiga intanet, da LibreOffice na rubutu da lissafi, wanda ke buɗe takardun Word da Excel. A saitin madannai akwai tsarin Hausa na Najeriya mai ɓ da ɗ da ƙ. In linzami ya maƙale a cikin tagar, ku danna Ctrl na hannun dama, zai fito. In an ɗauke wuta kuna tsakiyar aiki, ku rufe tagar ku zaɓi Save the machine state, gobe ku tarar da komai yadda kuka bari. In kuma zaman bai yi muku ba, baƙo raɓa ne: ku danna sunansa da maɓallin dama, ku zaɓi Remove, ku yarda a goge fayilolinsa duka, wurin ajiyarku ya dawo.

Aikin gida: ku rubuta ram ɗin kwamfutarku da abin da za ku ba baƙo. Sannan ku buɗe LibreOffice Writer a cikin Linux, ku rubuta sunayen ƙofofin Kano guda biyar, kowanne da ƙ ɗinsa daidai. Wanda ya sauke fayil ɗin .iso ya zo da filash ranar Asabar.