Yadda ake sa mangwaron gida ya yi huda ya riƙe 'ya'ya

A gidaje da yawa a Garuwa da Marwa, a arewacin Kamaru, za ka tarar da mangwaro ya yi ganye shar, inuwa kamar rumfa, amma Afrilu ya zo ya wuce ba a tsinki ko ɗaya ba. Galibi ba ciwo ke damunsa ba, ruwa ne da taki suka yi masa yawa a lokacin da ba ya bukata.

Fara da sanin asalin bishiyar. Mai aure, irin su Kent da Amélie, yakan fara 'ya'ya a shekara 3 zuwa 4. Wanda aka shuka daga ƙwallo yana iya kai shekara 6 ko fiye, sai haƙuri. Mai neman sabon dashe ya nemi mai aure. A Kismatari, kusa da Garuwa, cibiyar binciken noma ta IRAD tana da gonar itatuwan marmari.

Babban aikin yana zuwa da ɗaukewar damina. Daga ƙarshen Oktoba ka daina ba babbar bishiya ruwa har wata 2 zuwa 3. Ƙishin nan, haɗe da sanyin daren hunturu, shi ke hana ta sabon toho, ya sa kan rassan da suka ƙosa su fitar da huda a Disamba zuwa Fabrairu. Nan ne akasarin gidaje ke yin asara ba su sani ba. Je ka duba inda ruwan wanka da na wanke-wanke ke bi. In rariya tana zubewa a gindin mangwaron, ƙasar wurin baƙa ce kullum, da danshi, to wannan bishiya ba ta san rani ya shigo ba. Karkatar da rariyar zuwa gindin ayaba ko gwanda. Amma dashen da bai kai shekara 3 ba kada a hana shi ruwa.

Haka ma taki. Yuriya da ɗanyen kashin kaji ganye suke ƙarawa, don haka kada su kusanci bishiyar a wannan lokaci. Ruɓaɓɓen takin shanu da ɗan tokar murhu za ka zuba bayan an gama tsinka, a zagaye daidai inda inuwar rassa ta tsaya, domin can saiwoyin da ke sha suke.

Da huda ta fito, ajiye maganin feshi. Ƙudaje da ƙudan zuma ne ke kai garin fure daga wannan zuwa wancan, in ka kashe su ka kashe 'ya'yan. Sai 'ya'ya sun kai girman gujiya sannan ka dawo da ban ruwa, sau ɗaya a mako, mai ratsa ƙasa sosai, ka rufe gindin da busasshiyar ciyawa, kana barin tazara da jikin itacen saboda gara. Zafin Maris da ya haura digiri 40 yana kakkaɓe 'ya'yan bishiyar da ke jin ƙishi. Wasu dai dole su zube, wannan ɗabi'ar mangwaro ce.

Waɗanda suka faɗi kada a bar su a ƙasa, tsutsar ƙudan mangwaro a ciki take girma. Tattara su a baƙar leda, ɗaure bakin, bar ta a rana kwana biyu ko uku.

Bayan tsinka, ɗauki zarto ka cire busassun rassa da kauci, ka buɗe tsakiyar bishiyar rana ta shiga. Kada ka jinkirta wannan har Nuwamba, don rassan da za su yi huda za ka sare.

Lemo ma yana jin wannan dabara ta hana ruwa, sai dai ƙishinsa gajere ne: mako 4 zuwa 6, ganye na fara naɗewa ka sake masa ruwa da yawa, bayan 'yan makonni fure zai biyo baya.