Yadda ake mayar da rarar filin makaranta ya zama na gidajen zama a Legas

Duk wanda ke zaune a Agege ko Idi-Araba ko Mile 12 ya san yadda kuɗin haya ke gasa wa mutane aya a hannu, shi ya sa da an hango makaranta mai ƙaton fili a bayanta ciyawa ta cinye shi sai a fara lissafin ɗakuna nawa za su fito. Abin yana yiwuwa, amma kar ka fitar da ko kwabo sai ka san filin na waye, kuma me takarda ta ce a yi da shi.

In makarantar gwamnati ce to ka sani tun dokar filaye ta 1978 ƙasar jiha tana hannun gwamna ne. Firamare tana ƙarƙashin SUBEB, wato hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, sakandare kuma tana ƙarƙashin ma'aikatar ilimi da gundumominta guda 6, don haka hedimasta ba shi da ikon sayar da ko taku ɗaya, haka shugaban PTA, haka baale (mai unguwa a ƙasar Yarbawa), balle 'yan omo onile, masu iƙirarin gadon filin unguwa, da za su zo maka da rasit mai tambarin dangi suna rantse-rantse. Sai ma'aikatar ilimi ta rubuta cewa ba ta buƙatar wajen, sannan hukumar filaye da ke Alausa ta bayar da shi a hukumance. Ko a nan ma da sauran rina a kaba, domin in asali karɓe filin aka yi daga wasu dangi da sunan amfanin jama'a, yanzu kuma suka ga an miƙa wa ɗan kasuwa, suna iya garzayawa kotu. Ni dai a ganina a ƙyale na gwamnati kawai, makarantu da yawa tun zamanin Gwamna Jakande suke, 1979 zuwa 1983, yara sun yi musu yawa, abin da kake kira rara wataƙila nan ne kaɗai wajen ƙwallonsu.

Inda aka fi samun hanya shi ne makarantar kuɗi ko ta mishan ko Islamiyyar al'umma. A nan ka nemi masu sa hannu na gaskiya, wato amintattun da sunansu ke rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ba mutum ɗaya mai baki a kwamiti ba. In kuma waƙafi ne wani bawan Allah ya bayar don karatu, a fara zama da malamai tukuna.

Daga nan sai safiyo mai lasisi ya auna wajen, a kai taswirar ofishin babban safiyon jiha a duba ko filin ya faɗa cikin wanda gwamnati ta riga ta ware don titi ko magudanar ruwa. Lauyanka kuma ya je rajistar filaye ya binciko fayil ɗin. Ka karɓi C of O ɗin, wato takardar mallakar filin, da hannunka ka karanta, akwai layin da ke faɗin abin da aka ba da filin dominsa, in an rubuta na makaranta ne to na makaranta ne har sai gwamnati ta canza, ko da shekara ashirin awaki ne ke kiwo a ciki.

Canjin shi ne babban aikin. Za ka ɗauki ƙwararren mai tsara birane mai rajista ya duba tsarin da aka yi wa unguwar ko ya yarda da gidajen zama a wajen da kuma hawa nawa, sai ya haɗa rahoto a shigar da buƙatar canjin amfani a ma'aikatar tsara birane ta jiha. Za su so su ga inda ruwan sama zai bi, inda motoci za su tsaya, da ko abin da ya rage wa makarantar zai ishe ta. Ka ware wa gidajen katangarsu da get ɗinsu daban tun a kan zane, ba a haɗa 'yan haya da ɗalibai ƙofa ɗaya. Kuma ka je wajen CDA, wato ƙungiyar ci gaban unguwa, da iyayen yara da wuri, don takardar koke guda daga maƙwabta tana iya kwantar da fayil wata da watanni. In an amince sai a koma hukumar filaye a gyara abin da ke kan takardar mallaka, in kuma yankar wani ɓangare za a yi a sayar maka to sai da amincewar gwamna cinikin zai tsaya da ƙafarsa.

Sauran kuma aikin da duk mai gini ya sani ne, zanen gini, gwajin ƙasa, takardar biyan haraji, izini daga LASPPPA, hukumar ba da izinin gini ta jiha, sannan 'yan LASBCA, hukumar sa ido kan gine-gine, su riƙa zuwa dubawa mataki-mataki, wanda ya yi musu shigo-shigo ba zurfi ya wayi gari da jan fenti a bango.

Batun biya, ka sa lauya ya rubuta a yarjejeniya cewa kafin alƙalami kaɗai za ka bayar yanzu, ragowar sai ranar da takardar canjin ta fito, in aka hana kuma a dawo maka da kuɗinka cikin wa'adin da kuka sa wa hannu.