Kiwon Tsakar Damisa a Zafin Sakkwato

Masu ba da shawara kan kiwon tsakar damisa, wato tsaka mai ɗigo-ɗigo irin na damisa da Turawa ke kira leopard gecko, yawancinsu a Ingila da Amurka suke, kuma babbar damuwarsu ita ce yadda za su ɗumama mata akwati. Mu nan Sakkwato zafi ne abin tsoro. Asalin wannan tsaka daga busassun wurare masu duwatsu ne na Afganistan, Pakistan, Iran da arewa maso yammacin Indiya, amma ko a can ba ta shanya kanta a rana. Tana wuni a ƙarƙashin dutse, sai magariba ta fito farauta. Ba irin tsakar bangonmu ba ce: tana da fatar ido da take rufewa, ba ta iya hawa gilashi, kuma da kyakkyawar kulawa takan kai shekara 15 zuwa 20.

Nawa akwatin na gilashi ne, tsawon santimita 90, da murfin raga. Abin da take so shi ne gefe ɗaya ya kai digiri 30 zuwa 32, ɗayan kuma ya tsaya wajen 25, ta zaɓi inda ya yi mata. To, daga Maris zuwa Mayu garin nan yana wuce digiri 40, ɗakin kwano kuwa ya fi haka. A lokacin nakan sauke akwatin ƙasa, a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga. A gefen sanyi na kifa ƙaramar tukunyar ƙasa da aka fasa wa baki, ina yayyafa mata ruwa safe da azahar. Idan wuta ta ɗauke kuma iska ta tsaya, sai in naɗe gorar ruwan sanyi da tsumma in jingina ta a jikin gilashin ta waje. Sayi ma'aunin zafi tun kafin ka sayi dabbar, don hannu ba ya gaya maka gaskiya. Abin ɗumamawa sai a dararen hunturu, Disamba da Janairu.

Hunturu na da wata matsalar. Tsaka tana saɓa kamar maciji, kuma idan iska ta bushe, tsohuwar fata takan maƙale a yatsunta, ta shaƙe su har su guntule. Maganin mai sauƙi ne: roba mai murfi, ka huda ƙofa a gefe, ka shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ciki, kada ka bari ya bushe. Bayan kowace saɓa ka duba yatsun ɗaya bayan ɗaya.

Kada ka zuba mata yashi. Takan haɗiye shi tare da abinci ya toshe mata hanji. Tayil ko takarda sun isa.

Ƙwari masu rai kawai take ci: gyare da ƙananan fara, waɗanda ba su fi tazarar da ke tsakanin idanunta ba. Soyayyar farar kasuwa mai yaji ba tata ba ce, haka ƙwarin gonar da aka yi wa feshi. Ni nakan tsare gyare a bokiti in ba su karas da ganye kafin in ba ta. Ƙarama kullum take ci, babba sau 2 ko 3 a mako. Barbaɗa wa ƙwarin garin kalshiyam mai bitamin D3, domin in babu shi ƙasusuwanta laushi suke yi, ƙafafu su karkace, muƙamuƙi ya kasa kama abinci, kuma abin da ya karkace ba ya miƙewa. Ƙaramin mazubi na ruwa mai tsabta ya zauna a ciki kullum.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne maganin sauro. Na feshi ko na hayaƙi, duk guba ne gare ta. Ɗakin da take, a yi amfani da gidan sauro, kuma a gaya wa kowa a gidan, har yara.

Lafiyarta a wutsiya take, don can take tara kitse. Kada ka kama ta ta nan, za ta yar da ita. Kada ka haɗa maza biyu, faɗa za su yi. Ka wanke hannu da sabulu bayan ka taɓa ta. Idan ka ga wutsiyar tana ramewa ko ta daina cin abinci, kai ta asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ka tafi da ɗanyen kashinta a leda don a duba tsutsar ciki.