Yadda za ka ajiye akwatin kifi na gilashi gam ɗinsa bai lalace ba

Masu tambaya wai sanyin hunturu zai iya ɓata gam ɗin akwatin kifi in an ajiye shi a sito, ku kwantar da hankalinku. Gam ɗin nan silikon ne, ko a ƙasashen da ruwa ke daskarewa ba ya bushewa ya tsage don sanyi kawai, balle sanyinmu na Katsina da ba ya kai ruwa ya zama ƙanƙara. Abin da ke ɓarna can shi ne ragowar ruwa da aka bari ciki, in ya daskare yana kumbura kusan kashi 9 cikin 100 sai ya tura gilashin ya buɗe haɗin.

Mu nan rana ce da ƙura matsalarmu. Ka zubar da ruwan kaf tun kafin ka ɗaga akwatin, ka goge ya bushe, ka ɗora a wuri mai daidai kan kwali ko soso, a inuwa, ka rufe da tsohon zani. Kar a jibga kaya ciki don Allah.

Kafin ka dawo da kifi, fara cika akwatin da ruwa a tsakar gida ya kwana biyu, ka shimfiɗa takarda ƙasa, in ta jiƙe to sai an sake gam.