Yadda za a bi diddigin tarihin al'ummomin Latino a Amurka

Duk mai son fahimtar tarihin al'ummomin Latino a Amurka, wato masu asali daga ƙasashen Latin Amurka irin su Meksiko da Kuba, ya fara da raba su gida-gida, domin suna ɗaya ne ya haɗa mutanen da hanyoyin zuwansu suka sha bamban. Ƙidayar 2020 ta samu mutum miliyan 62 a ƙarƙashin wannan suna, amma abin da ya kai ɗan Kuba Miami ba shi ne ya zaunar da ɗan Meksiko a Los Angeles ba.

A soma da shekarar 1848, lokacin da yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo ta kawo ƙarshen yaƙin Amurka da Meksiko, California da New Mexico suka koma hannun Amurka har da mazaunansu, waɗanda sabuwar iyaka ta same su a gidajensu. Sai a duba Puerto Rico, wadda Amurka ta karɓe daga Sifaniya a 1898, mutanenta kuma suka zama 'yan ƙasa a 1917. Saboda haka kada a ɓata lokaci ana neman waɗanda suka koma New York bayan wannan shekara a takardun baƙin haure.

Inda ya kamata a fi daɗewa, a ganina, shi ne shirin Bracero na 1942 zuwa 1964, wanda aka rattaba kwangiloli fiye da miliyan huɗu a cikinsa don kawo leburori daga Meksiko. A saurari hirarrakin da aka naɗa da tsofaffin ma'aikatan, a ji yadda ake fesa musu maganin ƙwari na DDT a bakin iyaka, da yadda suke yini a duƙe da fartanya mai gajeriyar ƙota, wadda California ba ta haramta ba sai 1975. Wanda ya ji wannan zai gane dalilin da ya sa Cesar Chavez da Dolores Huerta suka kafa ƙungiyar ma'aikatan gona a 1962.

'Yan Kuba kuwa a raba waɗanda suka fita bayan juyin juya halin 1959 da kimanin mutum 125,000 da suka taso daga tashar jiragen ruwa ta Mariel a 1980.

A yi hattara da alƙaluma, domin sai a ƙidayar 1980 aka fara tambayar kowane gida ko yana da asalin Latino, kuma lissafin da ya gabace ta da wani ma'auni daban aka yi shi.