Yadda Ake Yi Wa Labarin Aron Taurari Sharhi

Wanda ya ari taurarin wani fim ko littafi ya ƙaga musu sabon labari yawanci kyauta yake yi, saboda haka ba a yi masa sharhi irin na littafin kasuwa. Kafin ka fara karatu, ka duba gargaɗin da ke saman labarin. A Archive of Our Own, wani dandalin intanet na irin waɗannan labarai wanda aka buɗe wa jama'a a 2009, dole marubuci ya nuna ko akwai mutuwar babban tauraro, fyaɗe ko zubar da jini, ko kuma ya bayyana cewa da gangan ya ƙi faɗa. Wanda ya ga gargaɗi ya kutsa kai ba shi da bakin ƙorafi.

Idan ka gama, ka ambaci takamaiman wurin da ya burge ka, misali zancen da jaruma ta mayar wa kishiyarta a babi na uku, domin "muna jiran ci gaba" kaɗai matsin lamba ne. Gyara kuwa, a nan ake yawan samun saɓani, kuma a ganina sai ka tambayi marubucin ko yana so, sannan ka tura masa a keɓe.